Kayan fatsa masu tsada a teku: a ina ya kamata mutum ya zuba kuɗinsa?

Ɗan Yauri a Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin akwai kuɗin da na ware, kuma ba na so in kashe su a inda ba za su amfane ni ba.

A Yauri na taso, a bakin Kwara, kuma tun ina yaro nake fatsa da sandar gora da zaren nailan, ina kama tarwaɗa da karfasa, wani lokaci tsage ya tsinke mini zare in koma gida ina ba da labari. Yanzu shekara uku ke nan ina aiki a Jidda. Tun bara ni da abokan aikina uku muke haɗa kuɗi kamar sau biyu a wata, mu ɗauki hayar ƙaramin jirgi mai inji daga Abhur da ke arewacin Jidda bayan sallar Asuba, mu fita gefen duwatsun murjani mu yi ta fatsa har rana ta take. Abin da muka fi samu shi ne kifayen da a nan ake kira sha'ur da hamur, idan an taki sa'a a samu najil.

Da zan fara, na sayi sanda da na'urar naɗe zare, wadda a nan ake kira makina, duka biyun a kan riyal 180. A fita ta biyar makinar ta fara gurnani idan ina juya hannunta, wani farin gari ya fito a gindin kusoshinta, kuma a fitar da muka yi ta ƙarshe wani kifi ya ɗauki kotona ya yi gaba da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Birkin makinar ya cije, sannan ya saki gaba ɗaya, ya sake cijewa, sai na ji zaren ya yi sako-sako a hannuna. Mai jirgin ya ce babu shakka bayad ne babba.

Da na je shagon kayan su, an nuna mini makina daga ta riyal 700 har zuwa wadda ta haura 3,000, kuma mai shagon ya rantse cewa in dai teku zan ci gaba da shiga, babbar ce kawai za ta fisshe ni. Abin da zan iya kashewa gaba ɗaya bai wuce riyal 1,500 ba. Shin da gaske tsadar nan tana da dalili, ko kuwa sunan kamfani kawai ake sayarwa? Idan kuma tana da dalili, wanne zan fifita tsakanin sanda da makina da zare da ƙugiya?

Injiniya a Fatakwal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikina kula da injunan da ke aiki a cikin teku ne, fatsa kuwa ita ce hutuna, saboda haka bari in fara da gishiri, domin shi ne ya kashe makinarka tun kafin kifin ya zo. Ruwan teku a matsakaici yana ɗauke da gishiri kimanin gram 35 a kowace lita, amma Bahar Maliya inda kake ya kai kusan gram 40, saboda zafin rana yana ƙafar da ruwan, ruwan sama kaɗan ne, kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Farin garin da ka gani a gindin kusoshi alama ce ta abin da ke faruwa idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri: sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyam da tutiya su ne ke zagwanyewa idan aka haɗa su da ƙarfen da ba ya tsatsa. Makinar da aka ƙera domin kogi tana iya shekara goma a Yauri ba ta yi ko tari ba, amma a Abhur wata uku ya ishe ta.

Abin da kake saya a makina mai kyau abu uku ne. Akwai rufin da ake yi wa alminiyam ta hanyar lantarki domin gishiri ya kasa kama shi, akwai robobin da ke toshe hanyoyin da ruwa zai bi ya shiga ciki, sannan akwai haƙoran giya da aka yi da tagulla ko ƙarfe ko ƙaƙƙarfan alminiyam, maimakon tutiyar da aka narka aka zuba a mazubi, wadda ke cinyewa da zarar an matsa mata. Kada yawan boris da aka rubuta a jikin kwali ya ruɗe ka. Na sha buɗe makina mai boris goma sha biyu in tarar rabinsu sun kame da tsatsa, alhali wata mai biyar ko shida, rufaffu kuma na ƙarfen kirki, tana juyawa lafiya bayan shekaru.

Amma abin da ya raba ka da kifinka shi ne birki, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta sosai. Birkin makina wasu ƙananan faya-fayai ne da ke matse da juna, aikinsu su bar zare ya zame a hankali idan jan kifi ya wuce wani ma'auni. A makina mai araha galibi da wani irin matsattsen ƙyalle ake yin su, idan ya sha ruwan gishiri ya bushe sai ya riƙa mannewa, ya cije sannan ya saki da fizga, kuma a kan wannan fizgar zare ke tsinkewa. A makina mai kyau faya-fayan na saƙar kabon ne, suna jure zafi, suna sakin zare da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar da masu wannan harka suka daɗe a kanta ita ce a ɗaure birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai fam 30 yana ɗaukar kimanin kilo 13.6, ke nan birkinsa zai tsaya tsakanin kilo uku da rabi da huɗu da rabi. Ba sai ka sayi sikeli ba: ka cika galan mai lita huɗu da ruwa, ka ɗaura shi a bakin zaren bayan ya bi ta zobban sanda, ka ɗaga a hankali. Ya kamata zaren ya fara zamewa sumul daidai lokacin da galan ke shirin barin ƙasa. Ka kuma sani cewa gwargwadon yadda zare ke raguwa a kan kwarkwaro, gwargwadon yadda birkin ke ƙara ƙarfi da kansa, har idan kaurin naɗin ya ragu da rabi ƙarfin birkin ya ninka. Shi ya sa wanda ya ga kifi ya yi nisa ya firgita ya ƙara matse birki, da hannunsa ya tsinke zarensa.

Game da sunan kamfani, gaskiya ne ana biyan kuɗin suna, amma sunan bai faɗo daga sama ba. Penn masu ƙera makinar teku an kafa su a 1932 a Filadelfiya ta Amurka. Shimano sun fara da kayan keke a Sakai ta Japan a 1921, suka shiga kayan su a 1970, ga kuma Daiwa. Amfanin irin waɗannan kamfanoni a wurin mai ƙaramin ƙarfi shi ne fasahar da suka fara sa wa manyan makinoninsu takan sauko zuwa matsakaita bayan 'yan shekaru, kuma idan wani abu ya lalace ana samun kayan gyara. Makinar riyal 3,000 an yi ta ne domin wanda ke fita kusan kullum yana kokawa da manyan kifaye. Kai da ke fita sau biyu a wata, matsakaiciya mai toshiyar ruwa da birkin kabon ta ishe ka, kuma ina ganin kimanin rabin kuɗinka ya dace ta ci.

Baba na Bur Sudan ya amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka, na kuma karanta bayanin Injiniya, Allah ya ƙara masa ilimi, ban ga abin da zan ƙaryata a ciki ba. Sai dai ni ta wata ƙofa zan shigo. A Bur Sudan aka haife ni, kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo su suka zauna, kuma tekun da kake shiga shi ne wanda na tsufa a ɗaya gefensa. Masuntan da na taso a cikinsu suna fita da ƙaramin kwale-kwalen da ake kira huri, da zaren nailan mai kauri naɗe a jikin guntun katako, da ƙugiya da dalma, su dawo da najil da hamur da za su ciyar da gida. Babu ɗayansu da ya mallaki makina.

Ba ina nufin ka jefar da sandarka ba ne. Ina so ka lura cewa kifi bai taɓa ganin makinarka ba. Abin da yake gani koto ne, da ƙugiya, da gaba biyu na zaren da ke kusa da ita, kuma a nan ne na ga 'yan birni suna yin rowa bayan sun zubar da dukiya a kan abin da ke hannunsu yana ƙyalli. Ƙugiya mai araha tana miƙewa a bakin babban hamur kamar an ja waya, ko bakinta ya dakushe bayan ta taɓa dutse sau ɗaya. Mu tun muna samari ƙugiyar Mustad ta ƙasar Norway muka sani, yanzu kuma ga na Japan irin su Owner da Gamakatsu. Kafin ka sa koto, ka ɗora bakin ƙugiya a kan farcen babban yatsanka ka ja ta a hankali. Idan ta kama farcen tana da kaifi, idan ta zame ka wasa ta ko ka sauya.

Najil da hamur a bakin raminsu suke cin abinci, kuma da zarar sun ji ƙarfe sai su juya su shige cikin murjani. Duk kokawar a gaba uku ko huɗu na farko take. Idan ka raba shi da ramin a wannan ɗan lokaci ka ci nasara, idan ya shige kuwa zarenka zai goga a jikin murjani, wanda kaifinsa kamar reza ne. Siririn zare, komai tsadarsa, ba ya jure wannan. Nailan mai kauri shi ke jurewa, da sharaɗin ba wanda ya kwana biyu a rana ba ne, domin rana tana busar da shi ya zama mai saurin karyewa.

Tambaya ɗaya zan yi maka, wadda da ita ya kamata a fara. Da ka naɗo zaren bayan kifin ya tafi, yaya bakinsa yake? Idan ya murɗe kamar wutsiyar alade, ƙullinka ne ya zame. Idan ya yi kaushi ya yi gashi-gashi, dutse ne ya ci shi. Idan kuwa yankan ya fita tas kamar da almakashi, to mai haƙori ne ya datse. Ka duba ka gaya mana, domin kada ka je ka sayi maganin ciwon da ba shi ke damunka ba.

Bakano a Legas ya amsa:

Ranka ya daɗe Baba, maganarka a kan ƙugiya da ƙulli babu ƙari babu ragi. Inda zan ɗan saɓa, tare da girmamawa, shi ne hannun da ya shekara arba'in yana jan zare ya riga ya yi kanta, kuma ya san lokacin da zai saki da lokacin da zai riƙe. Hannun nan shi ne birkin masunci. Mu da muke wuni a ofis mu fita ranar Asabar ba mu da wannan hannun, makina ce ke tsaya mana a madadinsa, saboda haka lalacewarta a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Mu a nan mukan fita ta bakin tashar jiragen ruwa mu wuce Tarkwa Bay, mu ja kifin roba a bayan jirgi domin barakuda, ko mu tsaya mu saki koto ƙasa. Na bi ta hanyar da Malam yake kai yanzu, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bambancin da zare ya kawo. Nailan yana miƙewa har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, ke nan idan kotonka yana zurfin mita 60, kifi zai iya taɓawa ya saki ba ka ji komai ba. Saƙaƙƙen zare, wanda ake yi da zaruruwan Dyneema ko Spectra, kusan ba ya miƙewa, kuma mai fam 50 bai fi kaurin nailan mai fam 15 ba, don haka igiyar ruwa ba ta jansa sosai, dalma ƙarama ta isa ta kai shi ƙasa. Aibinsa shi ne wanda Baba ya faɗa, ba ya jure dutse. Maganin shi ne a haɗa biyun: saƙaƙƙe a kan makina, sannan a goshi a ƙulla gaba biyu ko uku na nailan mai kauri ko fulorokabon, wani zare mai kama da nailan. Ƙullin da ake kira FG shi ya fi dacewa da wannan haɗin domin siriri ne yana wucewa ta zobba, amma sai ka zauna a gida ka yi ta maimaita shi, domin a kan jirgin da ke tangaɗi ba a koyon ƙulli. Idan akwai barakuda a wurin, wanda na ji a can kuna kira agam, sai an ƙara ɗan taƙin waya, domin haƙoransa ba sa barin nailan.

Abu na biyu shi ne jabu, kuma a saƙaƙƙen zare ya fi yawa. Na taɓa sayen naɗi guda mai ɗauke da sunan babban kamfani a kan kuɗin da bai kai rabin na gaske ba, ina murna na yi ciniki. An rubuta fam 50, da na gwada shi da sikelin rataye bai kai ko'ina ba ya tsinke. Araha ba ta ado, amma a nan har asara take jawowa, domin kuɗin hayar jirgi da mai da koto na fita ɗaya sun ninka abin da na yi zaton na tsimi. Ka lissafa abin da kuke kashewa a kowace fita, ka raba da yawan manyan kifayen da ke ɗaukar kotonka a shekara, za ka ga kowace dama tsada gare ta. Haka nan majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa domin kada zare ya murɗe, da ƙananan zobban da ke riƙe ƙugiya a jikin kifin roba: masu araha suna buɗewa, kuma ni duk kifin robar da na saya mai sauƙin kuɗi, ƙugiyoyinsa da zobbansa nake fara sauyawa.

Sanda ita ce ta ƙarshe a lissafina. Matsakaiciya ta wadatar, abin dubawa kawai zobbanta ne, musamman na can bisa. Ka zura auduga a cikin kowane zobe ka juya; idan ta maƙale akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta riƙa yankar zarenka ba ka sani ba. Zobban Fuji su ne aka fi amincewa da su, kuma ana iya sauya na tsohuwar sanda ba sai an sayi sabuwa ba.

Injiniya a Fatakwal ya ƙara da cewa:

Tambayar Baba ta fi duk dogon bayanina, kuma na yarda da ita ya kamata in fara. Abin da na manta shi ne wanki, wanda idan babu shi makinar riyal 3,000 ma ba za ta daɗe ba. Duk ranar da ka dawo, ka matse birki tukuna domin kada ruwa ya shiga tsakanin faya-fayan, ka yayyafa ruwan famfo a hankali ba da ƙarfin tiyo ba, domin ruwa mai ƙarfi tura gishirin yake yi zuwa ciki. Ka goge, ka bar ta ta bushe a inuwa, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye. Kada ka fesa man kwance kusa a kan birki, akwai giris na musamman domin sa. Sau ɗaya a shekara a buɗe ta a sauya giris.

Ɗan Yauri a Jidda ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na je na ɗauko sandar a bayan ƙofa inda na jingine ta tun ranar, ban ko wanke ta ba saboda haushi, na duba bakin zaren. A murɗe yake kamar yadda ka kwatanta. Ke nan birkin ya yi fizgarsa, amma ƙullina ne ya fara sallamawa, kuma irin ƙullin da nake yi wa tarwaɗa tun ina yaro ne, a bushe nake matse shi ba tare da na jiƙa ba. Na faɗa wa abokan tafiyata, waɗanda mako biyu ke nan ina cika musu kunne da laifin makina, sun yi dariya har sun gaji.

Na kuma yi gwajin auduga, zobe na biyu daga sama ya kama ta. Saboda haka ga yadda na tsara: makina matsakaiciya mai birkin kabon a kan kimanin riyal 750, saƙaƙƙen zare mai fam 50 daga wakilin kamfani tare da nailan na goshi mai fam 80, ƙugiyoyi da majuyi na kirki, sannan a sauya zobban tsohuwar sandar maimakon sayen sabuwa. Abin da ya rage zan ajiye domin giris da gyara. Da yake an saba hana kamun najil a nan cikin Afrilu da Mayu, zan yi amfani da makonnin wajen koyon ƙullin FG a falo, da galan mai lita huɗu a gefena. Malam na Legas, idan da hali ka bayyana mini sau nawa kake naɗa saƙaƙƙen a kan nailan kafin ka rufe ƙullin, domin na gwada sau uku daren jiya, duk ukun sun zame.